Ruwan Famfo da Kifin Gida: A Sa Magani ko Kada a Sa?

(Kiɗan buɗe shiri)

 Ina gai da mutanen Gangare da Unguwar Rogo, na Rikkos da Tudun Wada, na Nasarawa da Faringada, har zuwa Bukuru da Barikin Ladi, da duk inda muryar nan ta kai. Yau maganar ruwa za mu yi, ruwan da muke zuba wa kifin da muke ajewa a gida. Ko kifin ado ne a akwatin gilashi a falo, ko 'ya'yan tarwaɗa ne a tankin roba ko tamfol a bayan ɗaki, tambayar da ake yawan yi mini ɗaya ce: idan zan canza wa kifi ruwa, dole ne sai na ɗiga maganin nan na kwalba da masu sayar da kifi ke cewa a saya, ko dai dabarar cin kuɗi ce?

Bari in fara da abin da ya faru a gidana. Shekarun baya na saya wa 'yata kifaye 4, jajayen nan masu ruwan zinariya, da ɗan akwatin gilashinsu. Wata biyu suna nan lafiya, da ruwan rijiya muke ƙara musu. Sai wata Asabar famfo ya kawo ruwa da asuba. Kun san yadda unguwa take a irin wannan rana: ƙarar bokitai, yara na gudu da jarkoki, kowa na wanki. Muka ce yau kifi ma sai an yi musu gata. Muka kwashe su a roba, muka zubar da tsohon ruwan kaf, muka dirje tsakuwa da gilashin, muka wanke soson matatar a bakin famfo har ya yi fari, sannan muka cika akwatin da sabon ruwa, garau kamar hawaye. Ba a yi awa guda ba sai ga kifin sun taso saman ruwa suna buɗe baki. Marfin kunnensu na bugawa da sauri. Ɗaya ya riƙa gogar jikinsa da tsakuwa, wani ya kwanta ta gefe yana juyi. Kafin la'asar 3 sun mutu. Yarinyar ta dube ni da hawaye ta ce, Baba, ba ruwa mai kyau muka ba su ba?

Ruwa mai kyau ne, babu shakka. Mai kyau ne ga cikin ɗan Adam. Rashin sanin bambancin nan ne ya kashe kifin.

Ruwan da ke zuwa famfunan Jos daga madatsun ruwa yake fitowa, irin su dam ɗin Yakubu Gowon da ke Shen da na Laminga. Kafin hukumar ruwa ta jihar Filato ta turo shi cikin bututu, sai an kwantar da lakarsa da alif, wanda wasu ke kira alam, an tace shi, sannan a ƙarshe a sa masa kilorin. Wannan kilorin shi ne warin nan da kuke ji idan famfo ya zo, wanda mutane ke cewa ruwa yana warin magani. Aikinsa kashe ƙwayoyin cuta, na kwalara da taifot da dangoginsu. Tun a 1908 birnin Jersey City na Amurka ya fara sa wa ruwan shan jama'a kilorin a kai a kai, garuruwa suka yi ta bin sahu, taifot ya ja da baya ƙwarai. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar cewa ruwa ya iso bakin famfonka da sauran kilorin a cikinsa, aƙalla miligiram 0.2 a kowace lita, domin ya ci gaba da kare shi a hanya, musamman inda bututu ya fashe ko ya ratsa kwata. Saboda haka duk wanda ya ji warin magani a ruwansa, ya gode wa Allah. Ina so wannan ya zauna a zukatanmu tun yanzu, domin kada wani ya kashe rediyo ya ce an ce kilorin guba ne.

To, ina matsalar kifi? Ni da kai shan ruwa muke yi, ya shiga ciki, ɗan kilorin da ke ciki ya ƙare nan take ba tare da ya yi mana komai ba. Kifi kuwa a cikin ruwan yake numfashi. Ka ɗaga marfin kunnen tarwaɗa ka ga jan naman nan mai kama da gashin tsuntsu. Da shi yake tsotsar iska daga ruwa, kuma fatarsa siririya ce ƙwarai, jini na gudu dab da bayanta. Kilorin yana ƙona wannan nama. Idan ya ƙone sai ya kumbura, ya yi majina, iska ta kasa shiga jini. Shi ya sa za ka ga kifi a cikin ruwa fal amma yana haki kamar wanda aka shaƙe. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta sa iyakar kilorin da halittun ruwa za su iya zama da shi na tsawon lokaci a miligiram 0.011 a lita. Ku kwatanta da 0.2 ɗin da ake so a samu a famfo. Mafi ƙarancin abin da ke kare mu ya ninka abin da kifi zai jure kusan sau 18.

Kuma ba kullum ƙarfin kilorin yake ɗaya ba. Gidan da ke kusa da matatar ruwa ya fi na ƙarshen layi samunsa. Idan an yi gyaran bututu, ko damina ta kawo ruwa mai laka, ko an ji ɓullar amai da gudawa, akan ƙara shi. Shi ya sa wani zai ce maka, ai ni shekara guda ina zuba ruwan famfo kai tsaye, ban taɓa rasa kifi ba. Gaskiya ya faɗa. Ranar da ruwan zai zo da ƙarfi ce ba ta zo masa ba tukuna, kuma ba ta sallama.

(Ɗan kiɗa)

Akwai ɓarna ta biyu da ido ba ya gani, ita ce ma ta fi damuna, domin tana kashe kifi bayan kwanaki, har mutum ya rasa dalili. Kifi yana ci yana kashi a ruwan da yake zaune. Daga kashin nan da numfashinsa wani sinadari mai suna amoniya ke fita, shi ne zarnin nan da ke tashi daga tankin tarwaɗa idan an daɗe ba a canza ruwa ba. Amoniya guba ce ga kifi. Allah cikin ikonsa ya yi wasu ƙananan halittu, bakteriya masu amfani, da ke zama a jikin tsakuwa da soson matata. Su ke cinye amoniya su mai da ita wani abu, wasu kuma su sake mai da shi wani da ba shi da illa sosai. Kafin su yi yawan da za su riƙe akwati sabo, akan ɗauki mako 4 zuwa 6. Shi kuwa kilorin bai san bakteriya mai amfani da marar amfani ba. An yi shi ne don ya kashe, kuma yana kashewa. Ranar da na wanke soson nan a bakin famfo har ya yi fari, aikin wata biyu na rushe da hannuna. Dattin nan mai ruwan ƙasa da ke jikin soso, wanda uwargida za ta gani ta yi tsaki, shi ne ran akwatin. Idan ya toshe, a ɗebi tsohon ruwan akwatin a roba, a matse soson a ciki sau biyu ko uku, a mai da shi. Ba sabulu, ba omo, ba ruwan famfo.

Yanzu mu zo kan kwalbar. Mene ne a cikinta? Yawancin magungunan gyaran ruwan kifi, tushensu wani gishiri ne da ake kira sodiyom tayosalfet, ko wani ɗan uwansa. Da ya haɗu da kilorin sai ya karya shi nan da nan, cikin 'yan mintuna, ya koma abin da ba ya cutar da kifi. Wasu kamfanoni suna ƙara abin da ke kama ƙarfe da ya narke a ruwa, irin su tagulla, wasu kuma abin da ke ɗaure amoniya na ɗan lokaci. Ba sihiri ba ne, ba kuma yaudara ba ce. Aiki ɗaya takamaimai yake yi, kuma yana yin sa.

A nan zan ja kunne da babbar murya. Tsofaffin masu ɗaukar hoto, waɗanda suka yi zamanin wanke fim a ɗaki mai duhu, sun san wannan gishiri da sunan haifo. A littattafan kiwon kifi ma za ka ci karo da sunan. Amma a kasuwanninmu, daga Taminus har Katako, idan ka ce a ba ka Hypo, ruwan bilic na wanki za a miƙo maka, kuma shi kilorin ne mai ƙarfi. Mai kyau ne ga farin kaya da bayan gida. Murfi ɗaya a tankin kifi yana iya gamawa da duk abin da ke ciki. Suna ɗaya, aiki kishiyar juna. Don Allah a kiyaye, a kuma faɗa wa yaron da ake aika.

Haka nan WaterGuard da ƙwayoyin Aquatabs da ake sa wa ruwan sha, su ma kilorin ne. Idan ma'aikatan lafiya sun zagayo unguwa sun zuba magani a rijiyoyi lokacin annoba, to ruwan rijiyarka ya zama kamar na famfo a wajen kifi, wataƙila ma ya fi shi ƙarfi. Kada ka hana su zubawa saboda kifi. Ran yaro ɗaya ya fi tanki dubu. Ka bari a zuba, kai kuma ka gyara ruwan da za ka ba kifinka.

To, a sa ko kada a sa? Amsar tana wajen wata tambaya: daga ina ruwanka ya fito?

Idan na famfo ne, a sa. Ba ni da wata-wata a kan wannan. Idan kuma na 'yan ga-ruwa ne ko na tanka, ka tambayi mai kawowa inda ya ɗebo. In ya ce famfo, ko bai tabbatar ba, ko yau nan gobe can, a sa. Kuɗin digo biyu bai kai kuɗin kifi ɗaya ba, kuma idan ruwan ba shi da kilorin, maganin da aka sa daidai awo ba zai yi wa kifi komai ba.

Wani zai ce, malam, ni fa ba ni da kuɗin kwalbar nan, ko kuma na zaga ban samu ba. Akwai hanya, kuma tsohuwa ce. Kilorin yana fita da kansa idan ruwa ya sha iska. Ka zuba ruwan a baho mai faɗin baki, ba jarka mai murfi ba, ka ajiye inda rana za ta taɓa shi, ka rufe da gidan sauro don kada sauro ya yi ƙwai. A littafi awa 24 ake cewa. Amma mu a Jos muna kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma sanyi yana rage saurin fitarsa, don haka ni kwana biyu nake ba da shawara, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu. Idan kana da injin hura iska na akwatin, ka jefa bakinsa a bahon, aikin zai yi sauri sosai.

Wannan dabara tana da iyaka. A wasu ƙasashe ana haɗa kilorin da amoniya a sami wani abu mai suna kiloramin, wanda ke daɗewa a bututu. A Amurka, fiye da mutum ɗaya cikin 5 irin wannan ruwa yake sha. Shi ba ya fita don an ajiye ruwa kwana biyu, dole sai magani. Shi ya sa idan ka shiga intanet za ka ga Turawa na rantsuwa cewa ajiye ruwa ba ya aiki. Maganar ruwansu suke yi. Gidajen ruwan ƙasar nan kilorin suka saba amfani da shi, na gas ko na gari. Sai dai shi ma kiloramin yana iya haɗuwa a gidanka: ka buɗe famfo kai tsaye cikin tankin da ke cike da zarnin tarwaɗa, kilorin ya tarar da amoniya, sun haɗu ke nan. Dalili ke nan da ya sa ake gyara ruwa a waje, a bokiti ko duro, kafin ya taɓa kifi.

Hanya ta uku tana kemis ɗin unguwarku. Bitamin C yana karya kilorin. Wajen giram 2 da rabi ke kashe giram 1 na kilorin. Idan muka ɗauka ruwan yana da miligiram 1 a lita, wanda ya fi abin da aka saba samu a famfo, farar ƙwaya ɗaya mai miligiram 100 ta isa jarka mai lita 25. A daka ta, a narkar, a juya. Farar nan zalla nake nufi, ba mai zaƙi da launin lemo da yara ke tsotsa ba. Kada kuma a zuba da yawa, don yana sa ruwa tsami kuma yana cin iskar da ke ciki.

(Ɗan kiɗa)

Masu bohol da rijiya, na san kuna jira. Ku, in dai ba a zuba wa ruwanku magani ba, babu kilorin a ciki, don haka ba ku bukatar kwalbar nan. Wanda ya ce dole ku saya, kasuwarsa yake ci. Amma ruwan ƙarƙashin ƙasa yana da nasa halin. Yana fitowa da ƙarancin iskar da kifi ke shaƙa. A wasu wurare yana ɗauke da ƙarfe, shi ne za ka ga ya fito fari tas, bayan 'yan awoyi ya yi ja, ya bar tsatsa a gindin bokiti. Ƙasar Filato kuma dutse ce, ruwanta sau da yawa ba shi da gishirin da ke hana ruwa yin tsami da wuri. Maganin duk wannan ba ya cikin kwalba. A tara ruwan a tanki ya kwana, a bar shi ya zubo daga sama yana fantsama don ya sha iska, jan ya kwanta, a ɗebi na sama.

Sai kududdufan da haƙar kuza ta bar mana, a Rayfield da Bukuru da Barikin Ladi. Babu kilorin a cikinsu, gaskiya ne. Amma ku dubi gefensu da rani: lambunan tumatir da kabeji da dankalin Turawa, ana feshin maganin ƙwari, ana wanke tankin feshi a bakin ruwa. Babu kwalbar gyaran ruwa da ke cire maganin ƙwari. Ga kuma matsattsaku da tsutsotsin da ke cin 'ya'yan kifi. Ban yarda a ɗebo shi kai tsaye a zuba wa kifin ado ko 'yan ƙananan tarwaɗa ba.

Akwai kuma abin da ake ɗora wa kilorin alhali ba laifinsa ba ne, wato sanyi. Tarwaɗa ta fi son ruwa mai ɗumin digiri 25 zuwa 30. Ruwan da ya kwana a tankin sama a watan Janairu a garin nan, ka sa hannu da asuba ka ji yadda yake cizo. Ka zuba wa kifi wannan ruwa farat ɗaya, ko da ka ɗiga magani mafi tsada, za su daina cin abinci, cuta ta biyo baya. Ba banza ba gonar kifi ta Panyam, a ƙaramar hukumar Mangu, wadda aka kafa tun farkon shekarun 1950, ta yi suna da kifin kaf da aka kawo daga Turai: shi yana jure sanyin tudun nan. Jan kifin ado mai ruwan zinariya ɗan uwansa ne, shi ya sa ya fi sauran kifin ado sauƙin riƙo a Jos. Amma ko shi ba ya son canji na bazata. A canza ruwa da rana, tsakanin azahar da la'asar. A sa hannu ɗaya a tsohon ruwa, ɗaya a sabo. In ka ji bambanci, kifi ya fi ka ji.

Game da awo, kada a yi kirdado. Kowace kwalba da ƙarfinta. Tetra AquaSafe, misali, mililita 5 ake sa wa lita 10, shi kuwa Seachem Prime mililita 5 ɗin nan lita 200 yake gyarawa. Wanda ya saba da ɗaya ya koma ɗayan ba tare da ya karanta jikin kwalba ba, ko ya yi asarar magani ko ya rage iskar ruwan. Sirinji sabo marar allura ya isa ma'auni. In kana son sanin lita nawa akwatinka ke ci, ka auna tsawo da faɗi da zurfi da santimita, ka ninka su, ka raba da 1,000. Akwati mai 60 da 30 da 30 lita 54 ne. Kuma ba duka za ka zubar ba. Kashi ɗaya cikin huɗu a mako ya wadatar ga kifin ado, wato wajen rabin jarka. Kifin na ciki abinsu, ba sai an kama su an tsorata su ba. Masu tarwaɗa da yawa a ƙaramin tanki dole su fi haka yawan canji, saboda haka su suka fi kowa bukatar tankin ajiya na daban inda ruwa zai huta kafin ya shiga. Akwai kuma 'yar ƙwayar gwaji da ake jefawa a ɗan ruwa, in da kilorin sai ya koma ruwan hoda. Mai ƙyanƙyasar kifi da ke zuba jari mai yawa, bai kamata ya rasa ta a aljihu ba.

Kifi na huɗun nan da ya tsira a gidana ya yi shekara uku tare da mu bayan haka, a kan ruwan famfon nan dai, wanda ake tarawa a baho tun ranar Alhamis a zuba masa ranar Asabar.

Lokaci ya ci mu. Roƙona ga masu sayar da kifi na garin nan shi ne, duk wanda ya zo saye, musamman yaro ko matashin da ya tara 'yan kuɗinsa zai fara kiwo, ku tambaye shi wane ruwa yake da shi a gida kafin ku ɗaure masa leda. Ku kuma masu sauraro, idan famfo ya kawo ruwa gobe da asuba, ku cika randa ku sha da Bismillah, na kifi kuwa ku ɗiga masa magani ko ku bar shi ya kwana biyu a baho. Sai mun haɗu a shiri na gaba. A huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)